Zanen Ruwa a Bango

A bangon ɗakinmu na Bayan Kara
akwai zanen gawayi guda huɗu:
tsawon Luba ne, shekara bayan shekara,
ni nake ja mata duk Babbar Sallah.
Daren Talata ruwa ya shigo ba sallama,
ya ja nasa zanen a saman nata
da taƙi guda.

Iska ce ta fara.
Ta ɗauke kwanon Sahabi kamar mai tuɓe hula,
ta yar da shi can bakin masallacin Juma'a.
Da gari ya waye mutum uku suka tsaya a kansa,
kowa na rantsuwa nasa ne,
sai da matar Sahabi ta nuna facin kwalta
da ta liƙa da hannunta bara.
Aka yi dariya.
Ita ce dariyar farko a unguwa.

Yanzu ko'ina shanya ce.
Katifa a kan guntun katangar da ta tsira,
takardun makarantar Nomau an danne su da duwatsu,
tawada ta narke, sunansa kaɗai ake iya karantawa.
Buhu shida na Inno Kulu sun fara tsiro a ɗaka,
ta dube su, ta gyara ɗaurin kallabi:
"Shinkafar Kabi ce, ko an kulle ta sai ta yi noma."

Arzika ya kamo tarwaɗa a ƙarƙashin gadonsa,
ya ce bana ba sai mun je Argungu ba,
gulbi da kansa ya zo gaisuwa.
Mun gasa ta, mu goma sha ɗaya,
kowa ya samu abin lasar yatsa.

Amma idan an zo ƙofar gidan Hajo
sai murya ta sauka.
Katanga ta riga mu isa wurin ɗanta.
Takalminsa ɗaya yana nan cikin laka,
mai kwasar tarkace ya kewaye shi, ya wuce.

Can Gesse, inda gidaje ke da mai gadi,
ruwa bai tsaya neman iso ba.
Na ga wani Alhaji, wando naɗe zuwa gwiwa,
yana tura motarsa da 'yan kabu-kabu,
har yana ce wa ƙaraminsu "ranka ya daɗe".

Muna kwana a firamare, aji uku,
iyali tara, zannuwa ne katangarmu.
A allo akwai lissafin ɗebewa da malama ta bari,
ba wanda ya goge,
kowa ya kwanta yana yin nasa a zuci.
Rijiya ta haɗe da masai.
Ruwa har wuya, na sha kuwa sai na leda,
shi ma kuɗinsa ya ninka.
Masu rubuta suna sun zo, sun ɗauki hoto,
sunana ya shiga sau biyu,
tabarma ɗaya ba ta fito ba tukuna.

Jiya na koma na tono keken ɗinkina.
Na kwance shi, na wanke da kananzir,
na ɗiga masa mai kamar mai jinya,
ya yi tari, ya yi tari, sannan ya tashi.
Ba riga na fara ɗinkawa ba.
Buhunan taki ne nake haɗawa baki da baki,
rufin wucin gadi, gida-gida,
wanda ke da shi ya biya, wanda babu ya riƙe min gefe.

Da la'asar hadari ya sake haɗowa daga gabas,
kowa ya ɗaga kai, ba wanda ya ce uffan.
Na ɗauki tsumma zan goge zanen ruwan,
Luba ta riƙe min hannu.
"Baba, bar shi nan.
Baɗi zan wuce shi."